Raƙumin Dawa Ya Koma Gadabeji: Ina Ruwan Matar Mashi?

  Yau za mu ɗan shiga daji, amma kada ku damu, ba za mu yi nisa da murhu ba. Maganar ta shafi kowace mace da ke hura wuta a ƙasar Hausa, amma ta fi shafar matan Mashi da na Daura da sauran garuruwan da ke bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, inda iskar hunturu kan kwaso rairayi ta zuba har cikin tukunya.

Ke 'yar makaranta, kafin ki ci gaba da karatu ina so ki je wurin kakarki ki yi mata tambaya biyu. Ta farko, sa'ad da take yarinya kamarki, ina ake zuwa a samo itacen girki? Ta biyu, waɗanne namun daji ta taɓa gani da idonta a bayan gari? Za ta gaya miki cewa itace ba a nesa yake ba, kuma za ta lissafa miki barewa da zomo da dila da zabin daji da fakara, wataƙila har da kura. To, sai ki tambayi kanki, a cikin waɗannan wanne kika taɓa gani ba a hoton littafi ba? Kuma yau nawa ake sayar da ɗaurin itace a kasuwar Mashi? Amsar tambayoyin nan ɗaya ce. Abin da ya kori barewa shi ne ya sa itace ya yi tsada.

Wani labari daga maƙwabta

Idan mutum ya bar Katsina ya tsallaka iyaka ya isa Maraɗi, ya kuma nausa arewa zuwa ƙasar Dakoro, zai tarar da wani gandun daji da ake kira Gadabeji. An keɓe shi ne a 1955, watau shekara ɗaya kafin a keɓe namu na Yankari a ƙasar Bauchi a 1956. Faɗinsa hekta 76,000, kuma makiyaya Fulani da Buzaye ne ke kewaye da shi. A 2017 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin wuraren da ake so mutane da dabbobi su zauna tare ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba.

A da akwai raƙuman dawa a Gadabeji. Amma fari da farauta suka haɗu suka ƙarar da su, har ya zamana tun wajen shekarun 1970 ba a sake ganin ko ɗaya a can ba. Ba a Gadabeji kaɗai abin ya faru ba. Irin wannan raƙumin dawa mai hasken jiki a da yana yawo tun daga Senegal har tafkin Cadi, mu ma nan Nijeriya muna da shi. Hasali ma wanda masana suka fara rubuta bayaninsa a 1898, a kusa da Lakwaja aka harbe shi. Sannu a hankali ya ɓace daga ƙasa bayan ƙasa, har a 1996 da aka ƙirga sai aka tarar guda 49 kacal suka rage a duk duniya, dukansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga birnin Yamai.

Ki dubi wannan adadi da kyau, uwargida. Guda 49 ko garken Bafillace ɗaya bai kai ba. Ga shi kuwa raƙumar dawa ba akuya ba ce. Sai ta yi wata 15 da ciki kafin ta haihu, kuma ɗa ɗaya take haifa. Saboda haka kowa ya ɗauka zancensu ya ƙare.

Amma bai ƙare ba. Gwamnatin Nijar ta tsananta dokar hana kashe su, ƙungiyoyin kare namun daji kuma suka shiga ƙauyukan Kure. Abin lura a nan shi ne, Kure ba gandu ba ne mai shinge. Gonakin mutane ne, raƙuman dawa na ratsawa ta cikinsu, har sukan ci wa manomi wake, su tsinke masa mangwaro. Wa zai so dabbar da ke yi masa ɓarna? Don haka masu aikin suka gane cewa doka kaɗai ba za ta wadatar ba. Suka riƙa zama da mutane suna wayar musu da kai, suka haƙa rijiyoyi, suka ba mata ƙananan rance don su ja jari, aka kuma koya wa samarin yankin aikin raka baƙi masu zuwa kallo. Da mutane suka ga raƙumin dawa na jawo musu alheri, sai suka zama su ne masu gadinsa. Kafin 2018 adadin ya haura 600.

A watan Nuwamba na 2018 sai aka kama guda takwas daga yankin Kure. Aka tsare su cikin shinge fiye da mako uku don su saba, sa'an nan aka loda su a babbar mota, huɗu-huɗu, aka yi tafiyar da ta wuce kilomita 800 da su, aka sake su a Gadabeji. Ma'aikatar kula da muhalli ta Nijar ce ta yi aikin tare da ƙungiyoyin waje. An ɗauki mutanen yankin aikin bin sawun dabbobin da lura da lafiyarsu. A 2022 aka samu haihuwa ta farko a can, kuma a shekarar aka ƙaro wasu guda huɗu. Yaran makiyaya waɗanda iyayensu ma ba su taɓa ganin raƙumin dawa ba, sai ga shi sun tashi suna ganinsa yana kiwo kusa da shanunsu.

To, ina ruwanki?

Na san wata za ta ce, wannan labari ya yi daɗi, amma ina ruwan matar da ke Mashi da raƙumin dawan Nijar? Bari in gaya miki abin da yake ci. Yana cin ganyen gawo da na aduwa da na magarya da na farar ƙaya da na geza. Ashe ba su ne itatuwan da ke gonar maigidanki ba? Ashe ba su ne kike turawa a saro miki ba? Abincin raƙumin dawa da makamashin tukunyarki abu ɗaya ne. Har a Kure ɗin ma, babban abin da ke yi wa dabbobin barazana bayan an daina harbinsu shi ne sare dajin da ake yi don faɗaɗa gona da kuma kai itace birnin Yamai. Mafarauci dabba ɗaya yake kashewa, amma in daji ya ƙare duka suke tafiya.

Ba na cewa laifin mata ne. Dole a ci tuwo, kuma tuwo ba ya dahuwa da hasken rana. Iskar gas da kananzir ba kowane gida ke da halinsu ba. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun cinye burtali da makiyaya, ga masu gawayi da masu gidan burodi da ke kwasar itace mota-mota. Ga kuma farin 1973 da na 1984 waɗanda tsofaffinmu ba su manta ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar kuma. Idan itace ya yi nisa, ba maigida ne ke shan wahalar ba. Ke ce za ki koma ƙona kara da kashin shanu, waɗanda ya kamata su zauna a gona su zama taki. 'Yarki ce za ta yi sammako neman kirare ta makara a makaranta, ko ta yi nisa cikin daji a wannan zamani da hankali bai kwanta ba. Mun ga yadda dajin Rugu, a yammacin jihar nan, ya zama maɓoyar ɓarayi tun daga shekarun 2010. Tunda mu ne za mu fi cutuwa, mu ya kamata mu fara motsawa.

Darasin da ke cikin labarin Kure da Gadabeji shi ne, daji ba ya tsira da malamin daji shi kaɗai. Yana tsira ne idan mutanen da ke zaune a gefensa sun san amfaninsa, kuma suna samun rabonsu daga gare shi. Mu a ƙasar Mashi ba mu da gandu irin na Gadabeji. Gandunmu shi ne gona da bayan gida da filin makaranta. Can ne za mu yi namu aikin.

Sassaben zamani

Abin da zan gaya muku yanzu ba sabon abu ba ne, kuma ba ya bukatar ko kwabo. A ƙasar Maraɗi aka raya shi. Wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi shekaru yana dashen itatuwa a can suna mutuwa. A 1983 sai ya lura cewa 'yan tsirran nan da ke fitowa a gonaki, waɗanda manomi ke sassabewa ya ƙone kowace bazara, ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Bishiyar da ke da tsohuwar saiwa ba ta bukatar ban-ruwa, kuma ta fi sabon dashe saurin girma nesa ba kusa ba. A lokacin yunwar 1984 aka fara jawo hankalin manoma su bar wa tohon nan rai. Da farko an yi musu dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Da aka ga amfanin abin sai ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Mutanen can suna kiransa sassaben zamani.

Ga yadda ake yi. Idan an zo sharar gona kafin damina, a duba kowane kututture mai toho, na sabara ne ko na kalgo ko na gawo ko na aduwa. A zaɓi rassa mafiya ƙarfi da miƙewa, kada su wuce biyar, a sare sauran. Waɗanda aka bari a rage musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu. A yi amfani da abu mai kaifi, a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A ɗaura ɗan tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai ita. Bayan shekara biyu ko uku, kowace shekara ana iya sare reshe ɗaya a bar wani sabo ya maye gurbinsa. Kin ga ke nan ga itacen girki daga gonarku, bishiya kuma tana nan tsaye.

Idan maigida ya ce inuwa za ta hana gero yi, ki tuna masa da halin gawo. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake fitar da sabo. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuwa abincin tumaki ne a lokacin da babu ɗanyar ciyawa. Ya je ya dubi hatsin da ke gindin gawo ya gwada da na fili. Gani ya kori ji. Sai dai ki zaɓi lokacin da za ki yi masa maganar, bayan ya ci abinci ya huta, kuma ki roƙe shi ya gwada a gefe ɗaya na gonar tukuna. In kina da gayaunarki, ki fara da ita.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 2014 Tarayyar Turai ta ba da kuɗi aka fara wani shiri na raya itatuwa da rage cin makamashi a ƙananan hukumomi bakwai na jihar Katsina, watau Mashi da Dutsi da Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure. Ƙungiyoyin Oxfam da ICEED ne suka gudanar da shi, inda aka koya wa manoma renon toho, aka kuma koya wa mata da matasa gina murhu mai tsimin itace. Shirin ya ƙare, amma ilmin bai tafi da su ba. Ki bincika a unguwarku, da wuya ki rasa wadda ta koya.

A bakin murhu

Murhunmu na duwatsu uku ɓarnarsa ta fi aikinsa yawa, domin mafi yawan zafin wutar gefe yake bi, ba gindin tukunya ba. Murhun laka wanda ya rungume tukunya, mai ƙofa ɗaya ta sa itace, yana rage cin itace ƙwarai, kuma da yumɓu da kashin jaki ko ƙaiƙayi ake gina shi. A Nijar tun shekarun 1980 suke da wani na ƙarfe da suke kira Mai Sauƙi. Ban da tsimi akwai maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Ki tuna da goyon da ke bayanki duk sa'ad da kika sunkuya kina hura ɗanyen itace.

Ko ba ki samu sabon murhu ba tukuna, akwai abin da za ki iya yi tun daga yau. Ki shanya itace ya bushe sarai kafin ki sa a wuta. Ki rufe tukunya da murfi. Ki jiƙa wake tun da dare. Ki kammala daka da yanka da jajjage kafin ki kunna wuta, kada ta yi ta ci tukunya babu komai. Ki kare murhu daga iska. In kin sauke, ki zare ragowar itacen ki kashe, garwashin kuma ki rufe shi da ƙasa ya zama gawayin guga.

Sai maganar wankan jego, wadda na san ba kowa zai so in taɓa ba. Kowa ya san tulin itacen da ake jibgewa a ƙofar gidan mai ciki don wankan kwana arba'in. Ba na cewa a bar wanka da ruwan ɗumi. Amma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura cewa tsananin zafin wanka da gasa jiki da yawan kunun kanwa suna da hannu a ciwon zuciyar da kan kama masu jego. Saboda haka sassautawa alheri biyu ne, ga mai jego da kuma ga daji. Haka nan masu ɗebo sassaƙe don magani, a ɗiba daga gefe ɗaya, kada a zagaye bishiya. Duk bishiyar da aka kwaɓe wa ɓawo zagaye, an kashe ta tana tsaye.

Gare ku 'yan makaranta

Ku ne kuka fi kowa sa'a, domin kuna da ilmin littafi, ga kuma kakanni a gida. Ki samu littafin rubutu guda ki keɓe shi. Ki rubuta sunan kowace bishiya da ke garinku da amfaninta kamar yadda tsofaffi suka gaya miki: kuka don miya, ɗorawa don kalwar daddawa, tsamiya don kunu, ƙirya don turmi, aduwa da magarya da kurna da kanya da goriba don marmari, zogale don kwaɗo. Ki sa alama a gaban wadda aka ce a da akwai ta amma yanzu babu. Haka za ki yi wa tsuntsaye da dabbobi. Wannan littafi naki shi ne ƙidayar dajin garinku, irin wadda aka yi a Kure aka gane saura 49. Wanda bai ƙirga ba bai san ya yi hasara ba.

Sa'an nan ku haɗu ku biyar ko goma ku je wurin shugabar makaranta cikin ladabi, ku roƙi ɗan wuri a bayan aji. Ku tsinto ledojin ruwan da aka zubar, ku huda gindinsu, ku cika da ƙasa da taki. Irin gawo da na bagaruwa suna da taurin ɓawo, sai a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki kafin a shuka. Ruwan alwala ya isa ban-ruwa. In damina ta kankama ku dasa, kowace yarinya da tata bishiyar, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Dasawa ba ita ce wahala ba, reno shi ne aiki. Bishiya ɗaya da ta kai shekara uku ta fi ɗari da aka dasa ranar biki aka watse aka bar su. Mutanen Nijar tun 1975 suka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace, amma abin da ya fi mayar musu da daji shi ne renon da manoma suka yi a gonakinsu ba tare da kiɗa ba.

Kuma ki ja kunnen ƙanenki mai danƙo. Balbela da cilakowa da sauran tsuntsaye suna cinye fara da tsutsar da ke ɓata amfanin gona. Mujiya da ake tsoro ɓeraye take kamawa. In ya kwashe ƙwan zabin daji yau, baɗi me zai gani? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan'uwa, ba na yi muku alkawarin cewa raƙumin dawa zai zo ya leƙo katangar gidajenmu a Mashi ba. Amma zomo da fakara da zabin daji ba su bukatar a ɗauko su a mota. In suka samu sabara da geza da za su ɓuya, da kansu za su dawo. Malamanmu sun sha gaya mana cewa duk wanda ya dasa bishiya, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare ta, yana da ladan sadaka. To, ga sadakar da ba ta bukatar kuɗi.

Ina so duk wadda ta gwada sassaben zamani a bana, ko ta gina murhun laka, ko makarantar da ta fara renon itatuwa, ta rubuto mana yadda ta kaya, da daɗi ko ba daɗi, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.